Dashen Yaro a Baƙuwar Ƙasa

Kowane manomi na Funtuwa da Malumfashi ya san sha'anin dashe. Tumatir da albasa akan cire su tun suna ƙanana a kai su wani fage, su kama, su yi kyau. Auduga kuwa ba a dasa ta. Inda aka shuka ta nan za ta tsaya har ranar tsinka. To, 'yan'uwa, sa'ad da aiki ko fatauci ya kai mutum wata ƙasa, ɗansa ɗan makaranta wane iri ne, albasa ko auduga?

Mu ɗauki Maraɗi a Nijar. Daga Katsina ta Jibiya tafiyar ba ta cin yini. A kasuwa Hausa ake yi, a 2025 ma gwamnatin Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Amma tsarin makarantarsu daga Faransa aka gado shi, yawancin karatu kuwa da Faransanci ne: firamare shekara 6, sa'an nan 4 a yi jarrabawar BEPC, sa'an nan 3. Namu 6 ne da 3 da 3, da Turanci, a ƙare da WAEC ko NECO. Yaron da ke aji ɗaya na firamare zai kama Faransanci kamar wasa. Wanda saura shekara ɗaya ya gama sakandare, in an cire shi, sai ya koma baya ƙwarai.

Saboda haka waɗansu sukan bar yaro wurin kawu ko kaka. Ga babban yaro, lalle akwai hikima a ciki. Amma ƙaramin yaro uwa da uba ne makarantarsa ta fari. Ku tuna da Musa. Ya koyi ilimin Masarawa a gidan Fir'auna, bai kuwa manta da mutanensa ba, gama uwarsa ce ta goya shi. Baƙon harshe a aji ba ya ɓad da yaro in ana Hausa da addu'a a gida. Rashin iyaye a kusa, shi ne ramin da takardar shaida ba ta cikawa.

Akwai kuma wata tambaya wadda ta fi wannan wuya, uba ne kaɗai zai amsa ta: da gaske za ka komo? Mutane nawa suka tafi Kumasi da niyyar shekara biyu, ga jikokinsu can a zango har yau? In uba ya ruɗi kansa, ya hana yaro harshen ƙasar da zai girma a ciki, ya mai da shi baƙo har tsufa. In kuwa ya zaɓi makaranta mai tsada don a ce ɗan wane yana can, sunansa ya saya, yaron ne zai biya.

Ashe zaɓen makaranta ba na uba ba ne shi kaɗai. Ka shawarci uwar yaron. Ka tambayi dattawan ikilisiya na can, su da suka riga ka zuwa. Yaron ma, in ya yi wayo, ka ji ta bakinsa, gama shi ne zai zauna a ajin nan kowace safiya, ba kai ba. Manomin kirki yakan duba irin shukar da danshin ƙasa tukuna, kafin ya sa hannu ya cire.