Darasi na Tara: Shugaba Mai Ɗaukar Daro

Karatu: Yohanna 13:1-17, Luka 22:24-27, Markus 10:42-45
Ayar haddacewa: Yohanna 13:14

Gabatarwa

Wanda ya taka titunan unguwar Dala a Maiduguri da rani ya san abin da ƙura ke yi wa ƙafar mutum. In baƙo ya sauka a gida, akan kawo masa ruwa a buta. Amma wa ke kawowa? Yaro ne, ko bara. Maigida yana zaune bisa tabarmarsa. Haka al'ada take a ƙasar Yahudiya a zamanin Ubangijinmu: wankin ƙafafun baƙi aikin bawa ne, mafi ƙanƙanta cikin gida.

1. Daron da kowa ya wuce

A daren da aka bashe shi, Yesu ya zauna cin jibi tare da almajiransa goma sha biyu. Daro yana nan, ruwa yana nan, amma ba bara. Luka ya gaya mana gardama ta tashi tsakaninsu a kan wane ne babba. Mai neman a ce shi ne babba ba ya iya sunkuyawa, gama yana tsoro kada a raina shi. Sai Ubangiji da kansa ya tashi, ya yi ɗamara da tawul, ya bi su ɗaya ɗaya. Ku lura da aya ta 3. Ya sani Uba ya sa dukan abu a hannunsa. Da wannan hannu ya wanke ƙafafun Bitrus mai musun saninsa, har da na Yahuza mai cin amanarsa. Gaskiyar Hausawa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

2. Sunayen da muke ɗauka

Sa'ad da muke aikin juya Littafi, mukan tarar da kalmomi biyu na Helenanci cikin Markus 10. Ta fari ita ce diyakonos, watau mai hidima, irin wanda ke kai abinci gaban masu ci. Daga gare ta muka sami sunan dikon. Ta biyu ita ce dulos, watau bawa. Fasto kuwa ma'anarsa makiyayi. To, 'yan'uwa, sunayen nan na aiki ne, ba na sarauta ba. Bitrus, wanda ya ƙi miƙa ƙafarsa da fari, ya koyi darasin. Da ya tsufa ya gargaɗi dattawan ekklesiya kada su mallake garken, su zama gurbi gare shi (1 Bitrus 5:1-5).

3. Misali daga ƙasarmu

Ekklesiyar 'Yan'uwa ta soma a Jamus a 1708 da mutum takwas. A ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari ƙarƙashin tsamiya a Garkida. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro, ta yaɗu har Maiduguri. Cikin abin da ta gada akwai wankin ƙafafu a lokacin jibin ƙauna: maza da maza, mata da mata, fasto ya durƙusa gaban manomi, malami gaban leburansa.

A 2014 aka gwada wannan al'ada da wuta. Aka sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu, Gwoza ta faɗi a Agusta, aka ƙwace hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi a Oktoba. Dubban mutane suka gudo Maiduguri, waɗansu da ƙafa, tafin ƙafarsu ya tsattsage. A kwanakin nan wankin ƙafa ya bar zama alama kaɗai. Ya zama tabarma, da kwanon tuwo, da ɗakin da maigida ya bar wa baƙi. Waɗanda suka gudo ba su tambayi wa ke zama a kujerar gaba ba. Sun nemi wanda zai buɗe ƙofa.

4. Gargaɗi gare mu

Wanke ƙafa cikin sujada, gaban jama'a, abu ne mai sauƙi. Mutum ya iya yinsa har zuciyarsa ta kumbura. Mai wuyan shi ne dattijo ya karɓi gyara daga bakin ƙarami, ma'aji ya buɗe littafin kuɗi ba tare da fushi ba, shugaba ya sauka in wa'adinsa ya cika. Mu da muka zo daga nesa ma ba mu kuɓuta ba, gama sau da yawa mun so a kira mu iyayengiji. Girman kai rawanin tsiya ne, ko a kan wa aka naɗa shi.

Tambayoyi

1. Don me Bitrus ya ƙi a wanke masa ƙafa? Karɓar hidima ma tana bukatar tawali'u?
2. Wane aiki ne cikin majami'arku kowa ke gudu? Wa ke yinsa?
3. Akwai wanda ya ɓata maka rai, wanda Ubangiji ke so ka yi masa hidima cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka sunkuya domin ka ɗaukaka mu, ka cire mana son girma. Ka ba shugabanninmu zuciyar bara, ka ba mu duka hannu mai saurin ɗaukar daro. Amin.