Azabar Ɗaurarre a Matsayin Wasa

A shekarar 2004 kamfanin Midway na Amurka ya fitar da wasan bidiyo mai suna The Suffering. Mai wasa yana tsayawa a matsayin Torque, fursunan da aka yanke wa hukuncin kisa bisa zargin kashe tsohuwar matarsa da 'ya'yansa biyu. Dodannin kurkukun kuwa an siffanta su da hanyoyin kisa: rataya, harbi, allurar guba, fille kai. An keɓe wasan ga 'yan shekara 17 zuwa sama, amma wane mai shagon wasa ne ke tambayar yaro shekarunsa?

Masu goyon bayansa suna da hujja. Ba jinin kowa ke zuba ba, kuma in ka taimaki waɗanda ka tarar cikin wahala, ƙarshen labarin yakan wanke Torque daga laifi. Haka ne.

Sai dai, 'yan'uwa, azabar ɗaurarre ce aka mayar abin nishaɗi. A kurkuku aka fille kan Yohanna Mai Baftisma, aka kawo shi a faranti wurin bikin Hirudus. Baƙin nan ba su taɓa takobi ba, kallo kawai suka yi. Yaron da kunnensa ya saba da kururuwar fursuna har take ba shi daɗi, da wace zuciya zai raka mahaifiyarsa kai abinci gidan yari ranar Kirsimeti?