Jiran Buta Ta Tafasa: Hutu Ne Ko Asarar Lokaci?

Akwai wata tuhuma da ake yawan yi wa mashaya shayin ganye, wadda ya kamata mu marubuta mu tsaya mu dube ta da idon basira, domin kuwa ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Masu tuhumar cewa suke yi, mutumin da ya san darajar lokaci ba zai zauna sa'a guda ko biyu yana fifita gawayi, yana jiran 'yar buta ta tafasa, saboda ruwan da bai wuce kurɓa uku ba. Sukan ƙara da cewa ga ƙunshin Lipton nan mai zare, minti 3 sun ishe ka ka tsoma, ka sha, ka kama gabanka. A ƙarƙashin wannan magana akwai tsohuwar tambaya mai nauyi: shin ɗan jin daɗin yau da kullum, wanda ba ya maganin yunwa, ba ya kawo ko kwabo, yana da gurbi a rayuwar mutumin kirki, ko kuwa rauni ne kawai muke yi wa ado?

Kafin a yanke hukunci, adalci ne a san abin da ake yi wa shari'a. Shayin da muke magana a kai shi ne wanda 'yan'uwanmu Buzaye suka shahara da dafawa, wanda ake sha tun daga Agadas da Damagaram da Maraɗi har zuwa Katsina da Kano. Ana zuba busasshen ganye a 'yar buta, a ɗora bisa garwashi, a bar shi ya dahu a hankali. Sai a sa sukari, a riƙa ɗaga butar sama ana tsiyayawa cikin finjali ana mayarwa, har sukarin ya narke, zafin ya ragu, kumfa ta hau. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Na farko yakan zo da ƙarfi da ɗaci, na biyu ya sassauto, na uku kuwa zaƙi ne da ƙamshin na'ana'a idan an sa. Wanda ya sha na farko ya tashi, a al'adar masu abin, bai gama karɓar baƙuncin da aka yi masa ba.

Shi kansa ganyen daga nesa ya zo mana. Yawancin koren shayin da ake sha a ƙasashen Sahara da bakinta daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma wani nau'insa ana murza shi ne ya zama ƙananan ƙwayoyi, sai ya ji ruwan zafi ya warware. Ita kalmar shayi ma daga Larabci muka aro ta, Larabci kuma asalinta yana komawa ga sunan da Sinawa ke kiran ganyen. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, koren shayi da baƙin shayi itaciya ɗaya ce ke haifar su. Bambancin yana wajen sarrafawa: kore ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko, don kada iska ta sauya shi, baƙi kuwa ana murza shi a shanya, iska ta yi aikinta har ya rine. Idan ganye ya daɗe a ruwan zafi yakan saki ɗaci mai kama harshe, idan kuma aka yi masa gaggawa sai a sha ruwan ɗumi mai launi. Wato ke nan ganyen da kansa ne ke gindaya sharaɗin lokaci, mai dafawa biyayya kawai yake yi.

Ƙunshin da ake tsomawa kuwa, a Amurka ya samo asali a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1930 aka ƙirƙiro wani inji a yankin Assam na Indiya wanda ke murƙushe ganye ya yayyaga shi ƙanana, yadda zai saki launi da ƙarfinsa nan take, kuma irin wannan ganye ne ya fi cika ƙunshin da muke saye. Ba mu da abin zargi a nan. Leburan da ya tsaya teburin mai shayi da asuba, ya karɓi ruwan bunu da rabin burodi kafin ya wuce wurin aiki, saurin nan rahama ne a gare shi. Sai dai ya kamata mu gane cewa abubuwa biyu ne daban: ɗaya an yi shi don mutum ya sha hankalinsa na wani wuri, ɗayan kuma ba ya yiwuwa sai hankali na wurin.

A nan ne muke ganin amsar tambayarmu take. Abin da shayin ganye ke nema wurin mai shi shi ne lura. Dole ka lura da wuta, kada ta yi yawa ta ƙona, kada ta mutu. Dole ka lura da ƙarar buta, da launin ruwa, da tsayin kumfa. Idan ka kai baki, harshe ya gaya maka ko ɗacin ya wuce iyaka, ko sukari ya danne ƙamshi. Mutumin da ya yi haka kullum har shekara, ya koya wa kansa wani hali mai wuyar samu, wato tsayar da hankali a kan abu guda har ya ga yadda abin yake. Mu kuwa a ganinmu lura tana cikin tushen kyawawan halaye. Wanda bai iya lura ba, ba zai ga damuwa a fuskar matarsa ba, ba zai ji yunwa a muryar maƙwabcinsa ba, ko da kuwa zuciyarsa fara ce. Sau da yawa rashin kirkin da muke yi wa juna ba daga mugunta yake fitowa ba, daga gaggawa ne. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, ya kuma ce mahaƙurci mawadaci.

Ga marubuci, musamman mai tasowa, wannan magana ta fi kusa. Littattafai nawa muka karanta waɗanda a cikinsu kowace budurwa kyakkyawa ce, kowane abinci mai daɗi ne, kowane dare mai duhu ne? Marubucin bai yi ƙarya ba, amma bai duba ba. Wanda ya saba rarrabe ɗacin finjali na farko da na biyu, ya san cewa kalmar daɗi ba ta isa ba, sai ya nemi wadda ta dace: bauri ne, ko garɗi, ko ɗanɗanon hayaƙin gawayi da ya ratsa ruwan. Haka zai yi idan ya zo siffanta fushin uba ko kunyar amarya. Alƙalami ba ya rubuta abin da ido da harshe da kunne ba su tsaya sun tantance ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka ɗauki shan shayi da wannan muhimmanci ba. A ƙasar Sin, wajen shekarar 760, wani malami mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan shayi, inda ya yi bayanin ganye da kayan dafawa da matakan tafasar ruwa, har ya fifita ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga dutse a kan na kogi, na kogi kuma a kan na rijiya. A Japan kuma an yi Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591. A zamaninsa manyan masu mulki suna alfahari da kayan shayi masu tsada, har shugaban ƙasar na lokacin, Hideyoshi, ya sa aka yi masa ɗakin shayi mai rufin zinariya. Rikyu kuwa ya karkata ga ɗan ƙaramin ɗaki da kwanon yumɓu marar ado, da ƙofa gajera wadda babba da yaro sai sun sunkuya kafin su shiga, mayaƙi kuma sai ya ajiye takobinsa a waje. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, jin daɗi na gaskiya ba ya buƙatar tsada, kuma da zarar ya zama abin nuna isa, ya tashi daga hutu ya koma wata sabuwar wahala.

To, amma fa masu tuhuma ba su rasa hujja ba, kuma rashin gaskiya ne mu yi kamar ba mu ji su ba. Za su nuna mana majalisun samari a bakin titi, waɗanda a Nijar ake kira fada, inda buta ba ta sauka daga wuta tun hantsi har tsakar dare. Za su ce ga lurar taku nan, ta zama zaman kashe wando. Amsarmu kashi biyu ce. Na farko, mu tuna lokacin da waɗannan fadodi suka yawaita a biranen Nijar, wato shekarun 1990, sa'ad da tattalin arziki ya tsuke, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, aka kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994. Saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, ba shayi ne ya zaunar da shi ba. Rashin aiki ne ya zaunar da shi, shayin kuma ya raba masa doguwar rana gida uku, ya ba shi abokan da za su tambayi lafiyarsa idan ba su gan shi ba, ya ba shi wani abu guda da zai iya yi da kyau a yaba masa. Wanda ya ɗora wa buta laifin da yake na masu riƙe da tattalin ƙasa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kashi na biyu kuwa dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai hutun da ke buɗe ido, akwai wanda ke rufe shi. Mutum na iya zama gaban buta don ya tattara hankalinsa, ya tashi da ƙarfin fuskantar abin da ke gabansa. Yana kuma iya zama don kada ya tuna bashin da ke kansa, ko iyalin da ya bari ba cefane, ko babin littafin da ya yi wata shida bai taɓa ba. Ganyen ɗaya ne, wutar ɗaya ce, amma na farko ya huta, na biyu ya ɓuya. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe mai sauƙi ne: idan an shanye na uku, me ya biyo baya? Idan mutum ya miƙe ya koma ga aikinsa da mutanensa da sakakkiyar fuska, lokacin nan bai salwanta ba. Idan kuwa abin da ya biyo baya shi ne a wanke buta a sake ɗorawa, yau haka gobe haka, alhali akwai abin yi, to masu tuhuma sun yi gaskiya a kansa. Haka nan jiki yana da nasa haƙƙin. Sukarin da ake zubawa a wannan shayi ba kaɗan ba ne, ciwon sukari kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shayi mai ƙarfi da dare yana korar barci. Kowane abu ya wuce kima ya zama cuta.

Akwai kuma wani wurin da lura za ta kai mu idan da gaske muke yi, wato hannun da ya tsinko ganyen. Shayi mai kyau da hannu ake tsinkarsa, toho ɗaya da ganye biyu na saman reshe, kuma sai an tara kimanin kilo 4 zuwa 5 na ɗanye kafin a sami kilo guda busasshe. A Indiya da Siri Lanka yawancin masu wannan aiki mata ne, ladansu kuma kaɗan ne. A nan gida ma ana noman shayi a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba. Tarihin ganyen kuma ba fari ne tas ba. Son shayi ya sa azurfar Ingila ta riƙa kwarara zuwa Sin, Turawan suka rama ta hanyar sayar wa Sinawa banju mai sa maye da ake nomawa a Indiya, abin da ya kai ga yaƙin 1839 zuwa 1842. Sanin wannan ba zai hana mu sha ba, amma zai hana mu sha da gafala. Wanda ya san wahalar da ke cikin cokali guda na ganye ba zai yi almubazzaranci da shi ba, ba kuma zai raina mai talla ko mai shayin unguwarsu ba.

Abu na ƙarshe da ke ba wannan shayi daraja a wurinmu shi ne, da wuya a dafa shi don mutum ɗaya. 'Yar butar ƙarama ce, amma ana raba abin cikinta ga duk wanda ke zaune, attajiri da almajiri finjali iri ɗaya, kuma baƙon da ya yi sallama ana tsakiyar sha sai an san yadda aka yi ya samu. Tsakanin na farko da na uku akwai tazarar da ta isa a gaisa, a yi shiru, sannan mai damuwa ya sami bakin faɗin abin da ya kawo shi. Maganar da ba ta fita a tsaye, sau da yawa a nan take fita.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya ji kunyar ɗan jin daɗin da yake samu a finjalin shayi ba, muddin halalinsa ne, bai tauye haƙƙin kowa ba, bai kuma mayar da shi maɓoya ba. Ran ɗan'adam ba inji ba ne, kuma wanda ya hana shi ɗan hutu mai tsabta, wata rana zai neme shi a inda bai dace ba. Mu dafa a hankali, mu sha da lura, mu miƙa wa na kusa, idan an sauke na uku kuma mu ɗauki alƙalami. Allah ya sa mu dace, amin.