Amanar Mai Ba Da Shawara: Zama a Kwamitin Tambari da Ƙirƙira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta Maigatari ran Alhamis ya ga raƙuma da shanu da aka koro daga Jamhuriyar Nijar, da yawansu ɗauke da alamar wuta a cinya ko a wuya. Wannan alama ita ce shaidar mai dabba, kuma wanda ya kwaikwayi alamar wani domin ya ci dukiyarsa, kowa ya san sunansa ɓarawo. Imamu Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ya iske Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ƙarfen alama a hannunsa yana yi wa raƙuman zakka shaida. Saboda haka sanya alama a kan dukiya ba baƙon abu ba ne ga Musulmi.

Abin da zamani ya kawo shi ne alamar ta tashi daga jikin raƙumi ta koma kan buhu da kwali da kwalba, kuma hukuma ta ɗauki nauyin rubuta ta. A Nijeriya akwai dokar tambarin kasuwanci ta 1965, wadda ke ba mai tambari kariya ta shekara 7, sa'an nan ya riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14. Akwai kuma dokar mallakar ƙirƙira ta 1970, wadda ke ba wanda ya ƙago sabon abu ikon hana wani yin irinsa har shekara 20. Wannan magana ta shafi masarautar Gumel ƙwarai, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin a shekarar 2000 aka keɓe yankin ciniki maras haraji a bakin iyakar Maigatari, da nufin a sarrafa kaya a fitar da su waje. Riɗi da zoɓon da manoman wannan ƙasa ke nomawa suna kaiwa ƙasashe masu nisa, kuma duk kayan da ya yi nisa da gida, sunansa ne kaɗai ke yi masa shaida.

To, jami'an gwamnati ba su iya sanin komai game da kasuwa suna zaune a ofis. Shi ya sa gwamnatoci kan kafa kwamitocin ba da shawara, su gayyato 'yan kasuwa da lauyoyi da masana. A Amurka ma, wata doka ta 1999 ta kafa irin waɗannan kwamitoci guda biyu, ɗaya na ƙirƙira ɗaya na tambari, kowanne da wakilai tara masu ƙuri'a, masu wa'adin shekara 3. Tambayar da ke gaban mai karatu ita ce: in takardar gayyata irin wannan ta iske Musulmi mai tsoron Allah, ko attajirin riɗi a Maigatari ko malami a Gumel, ya karɓa ko ya ƙi?

Kafin a amsa, sai a fara duba ko shi kansa haƙƙin da za a tsare halal ne. Akwai malaman da suka yi shakka, suka ce ilmi ba haja ba ne, kuma hadisi ya zo da gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilmi ya ɓoye. Amma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Imamu Malik, suna ƙirga amfanin abu a cikin dukiya. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne da Shari'a ta tsare, bai halatta a keta su ba. Har ila yau, mai neman takardar ƙirƙira dole ne ya bayyana yadda ya yi abin a rubuce, in wa'adinsa ya cika kowa ya ɗauka ya yi, wannan kuwa ya fi kusa da yaɗa ilmi bisa ga ɓoye shi. Game da tambari, amfaninsa na farko yana ga mai saye ne. Manomin Gagarawa da ya sayi maganin feshi na jabu a cikin kwalba mai suna na gaske ya yi asarar kuɗinsa da daminarsa gaba ɗaya, kuma Imamu Muslim ya ruwaito yadda Annabi ya sa hannu a tsibin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai algus.

Tun da aikin halal ne, saura batun kujerar. Masu ƙin karɓa suna da hujja, domin Annabi ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman muƙami, ya kuma shaida wa Abu Zarri cewa muƙami amana ne da kan zama nadama ran gobe ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Masu karɓa su ma suna da tasu, domin Annabi Yusuf, alaihis salam, shi da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba, kuma ya ambaci dalili biyu: tsare amana da sanin aiki. Malamai sun haɗa tsakanin hujjojin nan da cewa abin zargi shi ne kwaɗayin muƙami don girma ko abin duniya. Amma in an kira mutum, kuma ya san in ya noƙe wanda bai cancanta ba ne zai zauna, to, ƙin zuwansa ba tsantseni ba ne. Irin wannan aiki farilla ce ta kifaya, in aka rasa mai yin ta da gaskiya, laifin ya hau kan duk wanda ya iya ya ƙi.

Amma fa wahalar tana wani wuri dabam. Ba a gayyatar mutum kwamitin tambari sai don ya san harkar, kuma ba ya sanin harkar sai don a cikinta yake cin abinci. Attajirin da ya fi kowa sanin yadda ake jabun buhu shi ma yana da nasa buhun da nasa tambarin, lauyan da ya fi kowa sanin doka yana da masu biyansa. Ke nan ilmin da ya sa aka kira shi, shi ne kuma ƙofar jarrabawarsa. In kwamiti ya ba da shawarar a ƙara kuɗin rajista, manyan 'yan kasuwa za su biya ba su ji ba, matan Sule Tankarkar masu matsar man gyaɗa kuwa an rufe musu ƙofa, kuma ba wanda zai ce an yi sata. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka damƙa masa. Wanda ya ba da shawarar da ya san wata ta fi ta alheri ga jama'a, don kawai ta fi dacewa da aljihunsa, ya ci wannan amana ko da bai karɓi kwabo daga hannun kowa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata ba, alhali su abin ya fi shafa. Dogon yaro da ya cika titunan Gumel ya isa misali. A 1994 ofishin ƙirƙira na Turai ya ba da takardar mallaka a kan wata hanyar kashe cutar shuka da man dogon yaro, abin da manoman Indiya suka gada tun kaka da kakanni, kuma sai da aka yi ta shari'a kafin a soke ta a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. A Nijar kuwa, wani kamfanin iri na ƙasar waje ya taɓa neman mallakar albasar Galmi, manoma suka tashi tsaye suka ƙi, har a 2023 ƙungiyar ƙasashe 17 mai tsare waɗannan haƙƙoƙi, wadda ke da mazauni a Yawunde, ta miƙa wa Nijar takardun shaidar cewa sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar na mutanen ƙasar ne. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, saboda haka tambarin da aka yi wa rajista a Abuja ba shi da kariya da zarar kaya sun tsallaka iyakar Maigatari. Bugu da ƙari, a ƙarƙashin dokar 1970 magatakarda ba ya binciken ko abin da aka kawo sabo ne, cikar takardu kawai yake dubawa, in gardama ta taso sai a tafi Babbar Kotun Tarayya. Talakan da aka rubuta ilmin kakanninsa da sunan wani, ina ya ga kuɗin lauya? In ba a sami mai tuna shi a teburin shawara ba, ba inda za a tuna shi.

Saboda haka wanda zai karɓi wannan kujera ya kamata ya ɗaure kansa da wasu sharuɗɗa. Na farko, ya bayyana wa abokan zamansa duk wata harka tasa da ta shafi abin da ake tattaunawa, kuma ya fita daga ɗakin in an zo kanta. Na biyu, sirrin da ya ji a zama bai halatta ya kai shi shagonsa ko shagon ɗan'uwansa ba. Na uku, ya ƙi kyauta, domin Annabi ya tsawata wa Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka, da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko a cikin al'adun zalunci. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, sai ya yi masa aski. Na huɗu, kada ya sa hannu a rahoton da bai karanta ba, don sa hannu shaida ne, kuma kuɗin zama ba ya halatta ga wanda ya zo ya rubuta suna ya fice. Na biyar, in an rinjaye shi a kan abin da ya tabbata zalunci ne, ya nemi a rubuta saɓaninsa, in kuwa ya ga an mai da sunansa riga ce ta rufe ɓarna, to, ya ajiye kujerar.

Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya waɗannan ba, ya nemi uzuri, ya nuna wanda ya fi shi, babu laifi a kansa, domin haka aka shawarci Abu Zarri duk da girman imaninsa. Wanda kuwa ya san zai iya, ya tafi da niyyar tsare haƙƙin mai ƙirƙira da mai saye da manomin da ba ya wurin, kuma ana fatan a rubuta masa lada.

Allah Ya ba shugabanni mashawarta nagari, Ya tsare masu amana daga cin amana, amin. Allah ne Mafi sani.