Ruwan Hoda Bayan Takaba

Mahaifinmu ya rasu a tsakiyar damina, a gidanmu da ke cikin birnin Zariya, bayan jinyar shekara biyu. Inna ta shiga takaba, ta yi wata huɗu da kwana goma kamar yadda shari'a ta tanada, babu lalle, babu kwalli, babu turare. Ta fita takaba hunturu yana leƙowa. Bayan mako biyu ta aika a kira ni. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta ambatar sunana, sai ta ce, "Kai, na sayar da akuyata. Ka nemo mini mai fenti." Na tambaye ta launin da take so. Ta buɗe adakarta, ta zaro wani tsohon ɗankwali daga can ƙasa. Ruwan hoda ne, amma ba mai ƙyalli ba. Ya yi kama da furen bakin hanya wanda ƙura ta sauka a kansa. Ta ce, "Irin wannan."

Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba. Kafin magariba maganar ta zagaye gidan. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya tare ni a zaure yana cewa, "Matar da ta haura hamsin, mijinta bai shekara a ƙasa ba, za ta mai da ɗakinta na amarya? Me mutane za su ce?" Goggo kuwa ta ce kuɗin akuyar da buhun masara ya fi dacewa. Ni ma a ranar ina tare da su. Daga nan tambayar da ta hana ni sakat ta samo asali: shin wanda yake cikin rashi, ko wanda mutuwa ta taɓa, yana da haƙƙin ƙawata muhallinsa, ko kuwa ado na mai wadata ne da mai farin ciki kaɗai?

Hujjar Goggo tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Gidan da mai ciyar da shi ya kwanta dama dole ne ya ƙidaya kowane kwabo. Da Inna bashi ta ci, ko ta taɓa gadon ƙannena marayu, ko ta bar tukunya a kife don bango ya yi kyau, da fentin ya zama almubazzaranci, ko da wane launi ne. To amma akuyar tata ce, da dusa da harawa ta kiwata ta, kuma tuwo bai yanke a gidan ba. Da na zauna na auna, sai na ga babu wanda aka tauye wa haƙƙi. Abin da ya rage na hujjar shi ne zaton cewa talaka bai kamata ya so kyau ba, sai abin da zai shiga ciki.

Wannan zato baƙo ne a garinmu. Duk wanda ya ratsa lungunan birnin Zariya ya ga gidajen ƙasa masu zanko a kusurwa da zanen dagi a goshin zaure, haka kuma a unguwar Birni ta Damagaram. Maginan da suka gaji Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba su ɗauki zane a matsayin ɓata ƙasa ba. A cikin gida kuwa, inda baƙon namiji ba ya shiga, mata ne masu iko. Su ke taruwa su yi daɓe, su yayyafa ruwan makuba da aka samo daga kwasfar ɗorawa har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu. Su ke jere, da ƙorai da faifai a da, daga baya da tasoshi da fanteka. Kakanninmu da suka yi wannan ba su fi mu dukiya ba, kuma sun ga fari da yunwa. Ba su jira sai sun wadata kafin su gyara inda suke kwana ba.

Akwai kuma wani abin mamaki a yadda muke yanke wa ado hukunci. A shekarar 1876 aka shafe birnin Jaifur na ƙasar Indiya da launin ruwan hoda don tarbar yariman Ingila, kuma har yau jama'a na zuwa kallonsa daga ko'ina. Ado ne da aka yi don idon baƙo, duniya kuma ta yaba. A nan gida ma, mai hali ya fente gaban gidansa kafin salla, mu wuce muna sa albarka. Amma mace ta so fente bango huɗu da babu mai ganinsu sai ita da jikokinta, sai muka shiga tuhuma. In riya ce abin tsoro, ai ɗakin Inna ya fi kowane zaure nisa da ita.

Saura hujjar Baffa, wadda ita ce ta fi kama ni, domin ta shafi amanar mamaci. Na ji kamar launi mai daɗi a ɗakin da ya cika a cikinsa wani nau'in mantuwa ne. Sai dai takaba tana da iyaka, kuma a cikin iyakar akwai rahama. An ƙayyade kwanakin ne don a san ranar shiga, a kuma san ranar fita. Mu da muke so mu ƙara mata wasu watanni na bango mai duhu, daga rayuwarta muke yankowa, ba daga tamu ba. Baffa da kansa, lokacin da matarsa ta rasu, bai cika wata uku ba ya yi sabon aure, kuma babu wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. Baƙin cikinmu ne muka so mu rataya a ɗakinta, mu tafi harkokinmu, mu bar ta tana gadinsa.

Duk da haka na kawo mai fentin, don ba na iya saɓa mata. Ya zo da bokitin farin fenti, ya ɗiga ja kaɗan, ya juya, ya shafa a gefen ƙofa. Launin ya fito tas, irin na kayan jarirai. Inna ta girgiza kai ta ce, "Malam, ƙara masa ƙasa." Ya ɗiga ruwan ƙasa, ya sake juyawa, sau uku, har hasken ya kwanta ya yi daidai da ɗankwalin. Mai fentin ya ce ta iya zaɓe, domin farin bango ba ya mako guda a hunturu sai ƙura ta tona masa asiri, wannan kuwa tun daga bokiti ya saba da ita. A nan na gane cewa ba ɗakin amarya take nema ba. Ta san shekarunta, ta san abin da ya same ta, kuma ta sa duka a cikin kwaɓin.

Da muka fitar da kaya tsakar gida, na ga tsohon bangon da idon da ban taɓa ganinsa da shi ba. Ga tabon mai inda mahaifinmu yake jingina kai, ga zirin maganin da ya zube, ga wurin da hannunsa ya goge yana dafawa ya miƙe. Inna ta lura da ni, ta ce a hankali, "Kullum na buɗe ido jinyarsa nake gani. Ɗankwalin nan a lefena ya zo. Ina so in riƙa tuna shi da lafiyarsa." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Amma ba a nan laifina ya ƙare ba, kuma wannan ne abin da ya fi daɗewa yana cina. Sai da na ji cewa fentin don mahaifinmu ne sannan na natsu. Ashe har a lokacin ban yarda tana da haƙƙi ba. Na yarda ne kawai cewa tana da uzuri. Da ta ce launin ya burge ta ne kurum, da na ci gaba da ganin baƙinta a ɓoye. Alhali ko da babu lefe, babu tabo, babu tuni, mace ce mai rai da ta sauke abin da ke kanta, ta kashe abin da ta mallaka, a ɗakin da take salla take barci. Ba ta bin kowa bayani, kuma babu mai bin ta. Muna yi wa gwauruwa da talaka da tsoho wani irin zalunci marar ƙara: muna barin su su rayu, amma duk wani ɗan daɗi da suka nema sai sun kawo mana hujja.

Na ɗauki ma'auni biyu daga wannan al'amari. In mutum zai ƙawata muhallinsa, ya duba ko akwai haƙƙin wani a cikin kuɗin, ya kuma duba ko don ya ƙasƙanta maƙwabci yake yi. In ya tsira daga waɗannan, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ba aikina ba ne in tsaya a bakin ƙofarsa ina auna yawan baƙin cikin da ya kamata a gani a bangonsa.

Baffa bai sake tayar da maganar ba, bai kuma janye ta ba. Goggo ta ɗauki wata guda ba ta leƙa ɗakin ba. Yanzu a can take shan furarta da azahar, tana cewa ya fi nata sanyi. Hunturu uku sun wuce, launin ya ƙara kwanciya. A bara Inna ta sayi wata 'yar akuya, ta ce in ta girma za a sake shafawa. Wannan karon ban tambaye ta dalili ba, na dai tambaye ta ranar da take so mai fentin ya zo.