Me Muke Kawowa Aji?

A ajin lissafi na shekarar farko a jami'a, tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Malami yana rubutu a allo, ɗalibai suna kwafa, a ƙarshe ya tambaya ko akwai mai tambaya, aji ya yi tsit. Shirun nan ba na gamsuwa ba ne. Yawanci shirun wanda yau ya fara haɗuwa da darasin ne, bai ma kai matsayin sanin abin da ya shige masa duhu ba. Tambayar da ta dame mu ita ce: ɗalibin da ya shigo aji bai taɓa buɗe shafin da za a karanta ba, kansa kaɗai ya cuta, ko akwai haƙƙin wasu a wuyansa?

Kafin mu amsa, mu dubi yadda ake karatun lissafi. Shafi ɗaya na labari minti biyu ya ishe shi. Shafi ɗaya na lissafi yana iya cin awa guda, domin kowane layi iƙirari ne da sai an gwada shi da biro da takarda. Ga misali daga littafin Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Yuklid ya kawo hujjar cewa ba su da ƙarshe. Ka tattara duk waɗanda ka sani, ka ninka su, ka ƙara 1. Babu ɗaya daga cikinsu da zai raba sakamakon daidai, kullum 1 zai yi saura. Ke nan akwai wata irinsu da ba ta cikin jerinka.

Wanda ya ji wannan a aji karo na farko zai gyaɗa kai, ya tafi da zaton cewa sakamakon nan shi kansa kullum lamba ce marar rabuwa. Wanda ya zauna da hujjar tun daren jiya zai gwada. Zai sami 3, 7, 31, 211, 2311, duk marasa rabuwa. Da ya kai kan 13 sai ya sami 30031, wadda ita kuwa 59 ce sau 509. A nan zai tsaya ya ce, to hujjar ta rushe ke nan? Ba ta rushe ba, domin 59 da 509 ba sa cikin jerin da ya fara da shi, abin da Yuklid yake nufi ke nan tun farko. Amma wannan ɗalibi zai shigo aji da tambaya mai nauyi, kuma amsarta za ta gyara fahimtar duk wanda ke zaune a wurin.

Shirin shiga aji ba ya nufin ka fahimci komai kafin malami ya zo. Da haka ne, da ba a buƙatar malamin. Abin da ake nema shi ne ka gano daidai inda ka maƙale. "Ban gane ba" da "na gane har layi na huɗu, amma ban ga yadda na biyar ya fito daga cikinsa ba" maganganu ne mabambanta. Ta farko ba ta ba malami abin kamawa. Ta biyu minti uku ya isa a warware ta.

Maƙalewar kuma ba abin kunya ba ce. Niyuton a Ingila da Laibniz a Jamus sun samar da kalkulas a ƙarni na 17, amma tushensa ya daɗe yana rawa. A 1734 wani malamin coci, Berkeley, ya rubuta littafi yana sukar yadda masana ke amfani da adadin da wani lokaci su ɗauke shi sifili, wani lokaci su ce ba sifili ba ne. Sai a 1821 Cauchy na Faransa ya fitar da littafin da ya fara ɗora fannin a kan ma'ana tsayayya, Weierstrass na Jamus ya ƙarasa aikin daga baya. Abin da ya ɗauki manyan masana fiye da shekara 150, shi muke so ya shige mu cikin lacca ɗaya, a jin farko, muna rubutu hannu na rawa.

Akwai kuma yaudarar da lacca mai daɗi take yi mana. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard sun kwatanta ɗaliban kimiyyar fiziks da aka yi wa lacca tsararriya da waɗanda aka sa su fafata da tambayoyi da kansu a cikin aji. 'Yan lacca sun fi jin cewa sun koyi abu, amma a gwaji ɗaya ɓangaren ne ya fi cin maki. Kafin nan, a 2014, wani nazari da ya haɗa bincike 225 a fannonin kimiyya, injiniyanci da lissafi ya nuna kusan kashi 34 cikin 100 na faɗuwa a azuzuwan lacca zalla, kusan kashi 22 kuma a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da hannunsu. Irin wannan aji na biyu kuwa da wuya ya tafi daidai idan ɗalibai sun shigo ba su taɓa ganin darasin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan maganar haƙƙi ta shigo. Awar aji dukiyar tarayya ce. Idan mutum 200 suna zaune, malami ya ɓata minti 10 yana karanto ma'anar da kowa zai iya karantawa a ɗakinsa, an ƙona minti 2,000 na rayuwar mutane, sama da awa 33. Wadda ta kwana tana fama da layi na biyar ta zo da tambayarta, lokaci ya ƙare ba a iso wurin ba. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ita, amma an cuce ta. Malamin ma an tauye shi, an mayar da shi mai karanto littafi alhali abin da ya fi iyawa shi ne kwance ƙulli.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. A makarantun zaure, ɗalibin kirki yakan yi muɗala'a kafin ya zauna gaban malam, ya bi layukan da za a biya masa, ya lura da kalmomin da suka gagare shi. Bayan an tashi ya yi muraja'a. Zuwa gaban malam ba shiri ana ɗaukarsa ƙarancin ladabi ne, ga malamin da kuma ilimin kansa. Mun shiga jami'a mun bar wannan ɗabi'a a bakin ƙofa, kamar lissafi bai cancanci ladabin da muke yi wa nahawu ba.

Wani zai ce wannan magana ta masu hali ce. Akwai ɗalibin da ke kwana ɗakin da ba wuta, akwai wadda sai ta gama girki da hidimar gida kafin ta taɓa littafi, akwai mai tuƙa adaidaita da yamma don ya biya kuɗin makaranta. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ba ya hawa kan mutum fiye da ƙarfinsa. Mai minti 20 ba za a tambaye shi aikin awa biyu ba. Sannan nauyin ba a kan ɗalibi kaɗai yake ba. Malamin da bai faɗi shafin da za a karanta mako mai zuwa ba, ko wanda yake maimaita littafi kalma da kalma ko an shirya ko ba a shirya ba, ko mai muzanta wanda ya yi tambaya, shi ya koya wa ajinsa cewa shiri asara ne. Alkawari ne mai ɓangare biyu: mu zo da tambaya, shi kuma ya ba tambayar wuri.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san wata sabuwar jarabawa. Yanzu ɗalibi yana iya ɗaukar hoton shafi ya tura wa ChatGPT, cikin daƙiƙu ya sami bayani sumul. Kayan aiki ne mai amfani, mu ma muna aiki da shi. Amma a wurin aikinmu mun sha ganin bambancin mai fahimtar abin da ya rubuta da wanda ya kwafo: ranar da manhaja ta tsaya, ɗaya ya san inda zai duba, ɗayan sai kallo. Bayanin da ya iso kafin mutum ya maƙale yana ɗauke masa abin da ya kamata ya kai aji. A fara gwadawa da kai, a yi tuntuɓe, sannan a tambayi na'ura ko malami.

Shirin ba ya buƙatar abu mai yawa. A karanta shafin sau ɗaya a hankali. A gwada misali ɗaya da ƙananan lambobi. A rubuta layi uku a gefen littafi: abin da na gane, inda na tsaya, abin da zan tambaya. Wanda ya yi haka, ko bai buɗe baki a aji ba, kunnensa yana jiran wani wuri takamaimai. Idan kuma ya ɗaga hannu, mai yiwuwa mutum hamsin a bayansa a wannan layin suka tsaya, ba su dai san sun tsaya ba.