MALAMIN DA YA ZO DA DARE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ko kana Yelwa, ko Wara, ko Shanga, ko wata tunga ta bakin ruwan Kainji, maƙwabtakarka da Kirista ba sabon abu ba ne. Jirgi ɗaya kuke shiga, kasuwa ɗaya kuke ci. Wataƙila ka taɓa jin suna ambaton wani mutum wai shi Nikodimu. To, zauna ka ji labarinsa, akwai abin lura.

Ka fara riƙe ƙa'ida tukuna. Labarin Ma'abota Littafi kashi uku ne: wanda Alƙur'ani ya gaskata, mun karɓa, wanda ya ƙaryata, mun bari, wanda ya yi shiru a kansa, ba mu gaskata ba mu ƙaryata.

Littafin Yohanna, babi na 3, ya ce Nikodimu Bafarisiye ne, babban malami cikin shugabannin Yahudawa a Urushalima. Ya ji labarin Annabi Isa (A.S.), zuciyarsa ta kasa natsuwa. Amma da rana bai je ba. Sai da dare ya yi, sannan ya tafi, ya amsa cewa irin waɗannan ayoyi ba su yiwuwa sai da taimakon Allah, ya yi tambayoyinsa, ya koma gida. A babi na 7, da abokansa suka so hukunta Annabi Isa, ya tuna musu cewa Attaura ba ta yarda a yanke wa mutum hukunci ba a saurare shi ba. Suka yi masa gatse, littafin bai kawo wata amsa daga gare shi ba. Ambato na uku yana babi na 19, a zancen jana'iza, wannan kuwa ba mu karɓe shi ba, domin Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore kisa da gicciyewa.

Abin da muke da yaƙini a kai shi ne na ƙarshen Suratus Saffi: wata ƙungiya ta Bani Isra'ila ta yi imani da Annabi Isa, wata ta kafirta. Ina wannan malami ya faɗa? Allah ne Masani. Amma tambayi kanka, me ya kai babban malami tafiyar dare? Tsoron rawani ne, da tsoron bakin abokan zama.

Yanzu dubi wani malamin Yahudawa, Abdullahi ɗan Salamu (R.A.), na Banu Ƙainuƙa'a. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya iso Madina a shekarar Hijira, 622 Miladiyya, ya je ya yi masa tambayoyi uku. Da ya ji amsa, nan take ya musulunta. Shi ma ya ɓuya, amma na ɗan lokaci ne, da dalili. Ya roƙi Annabi ya fara tambayar mutanensa matsayinsa kafin su ji labari. Suka yabe shi, suka yabi ubansa. Yana fitowa ya yi kalmar shahada, sai bakin da ya yabe shi ya koma zaginsa. Buhari ya ruwaito wannan. Ya rasa girmansa a wajensu cikin sa'a guda, bai ja da baya ba har ya rasu a shekara ta 43 bayan Hijira. Ka ga bambanci? Dukansu sun yi tambaya, ɗaya ne muka san ya biya kuɗin amsa.

Darasi na farko naka ne. Tambaya a ɓoye ba laifi ba ce, in kunya ta hana ka yi a fili. Laifin shi ne ka san gaskiya ka ci gaba da zama a duhu. Kai da ka gane cewa laya ba ta hana jirgi kifewa, yanka wa ruwa dabba kuma shirka ne, amma kana yi don kada ubangidanka ya hana ka koma, yaushe garinka zai waye? Ka tuna jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu 2021, mutane masu yawa suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ajali ba ya sallama. Ka bar saɓon, amma da ladabi, ba da zagin iyaye ba.

Darasi na biyu na ranar da za a ƙwanƙwasa maka ƙofa ne. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya dulmuya cikin binciken ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara mabiya da ake kira Isawa. Hukuma ta kashe shi, mabiyansa suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Shin maganar ta mutu? A'a. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dokta Miller na mishan a Zariya, suka zama Kirista, aka zaunar da su a Gimi. Takobi ya kashe mai tambaya, tambayar ta rayu, wani ya amsa ta.

Saboda haka in Bakambare, ko Bagunge, ko ɗan'uwanka Musulmi mai shakka ya zo maka da tambaya, kada ka yi masa dariya, kada ka tona masa asiri a majalisa. Ba shi tabarma, ba shi ruwa. Karanta masa Suratu Maryam da fassara, ya ji yadda muke girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, bawan Allah ne kuma ManzonSa. Abin da ba ka sani ba, ce ban sani ba, ka kai shi wurin malami. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai kai ma ka zauna ka yi karatu.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta da rana tsaka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.